Sabuwar Taya, Ƙarin Ƙafa ko Inji: Wanne Zai Fitar da Keken Guragu a Gargadar Ƙasar Waje?

Wanda bai taɓa tura kansa a keken guragu ba, da ka ce masa hanya ba ta da kyau, hankalinsa kan manyan tayoyin baya yake tafiya. Sai ya ce a sa masu kauri, masu gunda-gunda irin na keken hawan dutse, shi ke nan. Mai keken kuwa ya san ba a nan gizo ke saƙa ba. Abin da ke tsayar da shi cak, wani lokaci har ya zubo shi ta gaba, 'yan ƙananan tayoyin nan biyu ne da ke ƙarƙashin ƙafafunsa. Su ne ke faɗawa tsagar dutse, su ne ke nutsewa a tsakuwa, su ne ke juyawa a karkace su toge. Duk wanda zai kashe kuɗi don shirya keke saboda tafiya, daga nan ya kamata ya fara lissafi.

Kuma gargada iri-iri ce. Tsakiyar birnin Rum an shimfiɗe shi da 'yan baƙaƙen duwatsu masu kusurwa huɗu da suke kira sampietrini, tsakanin kowane biyu akwai tsaga. Lisbon ta haɗa biyu: daɓen ƙananan duwatsu masu santsi idan an yi ruwa, ga tuddai. Tsohon garin Fas a Maroko lunguna ne matsattsu masu hawa da gangara. A Petra ta ƙasar Jodan, kafin ka kai ga shahararren ginin nan da aka sassaƙa a jikin dutse, sai ka bi tsagin dutse mai tsawon sama da kilomita 1. Daɓen dutse, tsakuwa, rairayi, tudu: kowanne da irin abin da yake nema daga keke, kuma babu na'ura ɗaya da ta iya da su duka. Wurare irin su Venis ma, mai gadoji sama da 400 waɗanda yawancinsu matakala ce, ba maganar taya ba ce sam, maganar jirgin ruwan haya ce da tsara hanya.

Me ya sa ƙaramar taya ke togewa

Lissafin mai sauƙi ne. Tayar gaba ta keken yau da kullum takan kasance inci 3, 4 ko 5. Ɗauki mai inci 4: daga tsakiyarta zuwa ƙasa santimita 5 ne kawai. Idan ta ci karo da bakin dutse mai tsayin santimita 2 tana tsaye, ƙarfin turin da ake buƙata don ta haye ya fi nauyin da ke kanta, wajen ninki ɗaya da sulusi. Mai inci 6 tana buƙatar ƙasa kaɗan da nauyin da ke kanta. Mai inci 12 kuwa abin da take buƙata bai kai rabin na mai inci 4 ba. Dutse ɗaya, mutum ɗaya, bambancin girman taya ne kawai. Shi ya sa babbar tayar baya ke haye abin da ya tsayar da ta gaba ba tare da ka ma ji ba.

To hanya biyu ce a nan, kuma a kansu ne na fi son in daɗe.

Ta farko ita ce a cire ƙananan a sa manya, inci 5 ko 6, masu faɗin inci ɗaya da rabi da roba mai laushi. Faɗin nan yana da amfani ƙwarai, domin siririyar taya ita ke shiga tsaga, mai faɗi kuwa sai ta hau bisa duwatsu biyu ta wuce. Amfanin wannan hanya shi ne babu ƙarin kaya: ba abin ɗauka, ba abin ɗaurawa, ba abin mantawa a mota. Da su za ka shiga banɗakin otal, da su za ka fita titi. Sai dai ba a canza su kamar yadda ake canza takalmi. Babbar taya tana ɗaga gaban keke, kuma sandar da take juyawa a kanta dole ta tsaya a miƙe sak. In ta karkata, tayar za ta riƙa kaɗawa da ka ɗan yi gudu, juyi kuma ya yi nauyi. Wani lokaci matsar da ita zuwa wata huda a jikin cokalin, wato ƙarfen nan mai yatsu biyu da ke riƙe tayar, ya isa, wani lokaci sai an canza cokalin gaba ɗaya. Sannan ka zauna a keken ka juya baya ka gani, domin babbar taya idan ta kewayo tana iya bugun dunduniya ko matakin ƙafa, kuma mai ciwon laka ba lallai ya ji ana gurzar masa fata ba. Akwai masu inci 8 na iska, suna da daɗi a gargada, amma ni ba na ba matafiyi shawararsu. Ranar da ta yi faci a garin da ba ka sani ba, nemo tif ɗinta wahala ce.

Ta biyu ita ce ƙarin ƙafa guda a gaba, wadda ake maƙalawa a cire. Wadda ta fi suna ita ce FreeWheel ta Amurka, akwai kuma ire-irenta daga wasu kamfanoni. Taya ce ta iska mai inci 12, nauyinta bai wuce kilo biyu da 'yan kai ba. Tana kama matakin ƙafa, da ka turo gaba sai ta juyo ta ɗage ƙananan tayoyin daga ƙasa, keke ya koma mai ƙafa uku. Abu biyu ke faruwa lokaci guda: tayar da ke karo da dutse ta zama babba, kuma tsawon keken ya ƙaru, saboda haka kifewa ta gaba ta yi wuya. A daɓen dutse, ciyawa, tsakuwa da hanyar burji, bambancin ba kaɗan ba ne. Wani alheri da ba a cika faɗa ba shi ne idonka ya samu hutu. Maimakon ka yini kana kallon ƙasa kana neman inda za ta toge, sai ka ɗaga kai ka ga garin da ka biya kuɗi don ka gani.

Aibunta? An ƙera ta ne don keken da ba ya naɗewa, mai matakin ƙafa guda ɗaya. Mai keke mai naɗewa sai ya sayi ƙarin sanda da ake gittawa, wato ƙarin nauyi da ƙarin aiki. Tsawon da ta ƙara yana hana ka juyawa a shago ko shiga ƙaramin lif, dole ka cire ta a bakin ƙofa ka rataye a bayan kujera, kuma wanda hannunsa ba ya riƙo da kyau ko ba ya iya sunkuyawa zai nemi taimako kowane lokaci. Haɗa ta da keke a karon farko ma yana son natsuwa, domin sai an daidaita ta da tsayin matakin ƙafarka. Duk da haka, in aka ce in zaɓi abu ɗaya tak don tafiyar da yawancinta tsofaffin birane ne da hanyoyin ƙauye, ita zan ɗauka. Manyan tayoyin gaba suna rage matsalar ne, ita kuwa ɗauke ta take yi daga ƙasa.

Ga mai tura kansa ke nan. Wanda ake turawa lissafinsa daban: mai turin yana iya danna baya ya ɗaga gaba a duk inda ya ga dama, don haka tayoyin inci 6 masu faɗi, da madafa masu tsayi daidai da mai turin, sukan wadatar.

Tayoyin baya, da tarkon lamba

Yanzu mu koma baya. Zaɓi uku ne: tayar da ba ta da iska, siririyar tayar iska mai kariyar huji, da mai kauri ta daji.

Maras iska ba ta faci har abada, kuma a nan kaɗai ta ci. A gargada tana miƙo maka kowane bugu kai tsaye zuwa ƙashin baya, tana da nauyin turi, kuma in ƙafafunka masu zabura ne, girgizar daɓen dutse tana tayar da su. Wanda ba shi da halin gyaran faci kuma zai yi tafiya shi kaɗai yana da hujjar zaɓenta, ban ce a'a ba. Amma ya san kafaɗunsa ne za su biya.

Mai kauri, wajen inci 2, ita ce sarauniya a taɓo, tsakuwa da ƙasa mai laushi, musamman in aka rage mata iska ta baje. Sai dai kowace rana ta tafiya ba a daji take ƙarewa ba. Tana ƙara wa keke faɗi, alhali ƙofar banɗaki a tsohon otal ba ta san da zamanka ba. Gunda-gundanta na kwaso laka su shafa maka a hannun riga da kafet ɗin mutane, su kuma gurje yatsa in hannunka ya goge su. Sannan tunda ta fi tsayi, birki sai an matsar, makarin tufafi na gefe na iya gogarta, bayan kujera ya ɗagu. Wasu na tafiya da tayoyi kashi biyu, na gari da na daji, tunda cirewa danna maɓalli ne kawai. Dabara ce mai kyau ga mai tafiya da motarsa. Ga mai hawa jirgi da jirgin ƙasa, wa zai ɗauki manyan tayoyi biyu a kan sauran kaya?

Ta tsakiya ita na fi so: tayar iska mai faɗin inci 1 zuwa 1 da 3/8, mai kauri a ƙarƙashin tafinta don kare ƙaya da kwalba, irin su Marathon Plus na kamfanin Schwalbe na Jamus. A kan kwalta ka cika ta tam, ta gudu. A daɓen dutse ka sassauta kaɗan, ta sha girgiza. Kada dai ka sauka ƙasa da abin da aka rubuta a gefenta, in ba haka ba bakin rim zai cije tif ɗin ya huda shi wuri biyu, birki ma ya daina kamawa da kyau.

Ga kuma tarkon da ke kama mutane da yawa. Lambar inci da ake kiran taya da ita ba abin dogaro ba ce. Abin dogaro lamba ce mai adadi uku da ke gefen tayar, wadda ke nuna girman da'irar rim, daga wannan gefe zuwa wancan, da milimita. Abin da masu keken guragu ke kira inci 24 shi ne 540. Abin da mai shagon keken hawa ke kira inci 24, na kekunan yara, yawanci 507 ne. Suna ɗaya, amma ɗaya ba ta hawa rim ɗin ɗaya. To abin daɗin shi ne, inci 25 na keken guragu 559 ne, wato daidai da inci 26 na keken hawan dutse, wanda samun tayarsa da tif ɗinsa bai da wuya a yawancin ƙasashen duniya. Saboda haka mai yawan tafiya da zai sayi sabon keke, in tsayinsa da tsawon hannunsa sun ba da dama, 559 ta fi masa kwanciyar hankali. Mai 540 kuwa ya tafi da tif biyu, in da hali har da taya guda mai naɗewa. Haka ma sandar da ke riƙe tayar: akwai mai rabin inci, wato milimita 12.7, akwai mai milimita 12. Ido ba ya bambanta su, keke kuwa yana bambantawa. Rubuta lambobin nan a wayarka, domin in yare ya gagara tsakaninka da mai gyara, lamba ba ta gagara.

Shokazoba fa? Akwai cokulan gaba masu shan girgiza irin na Frog Legs, akwai tayoyin baya masu sifirin a ciki irin na Loopwheels na Ingila. Ba sa sa ka haye abin da dā ba ka iya hayewa, jikinka suke tausayawa. Ga mai ciwon baya ko mai zaburar ƙafa, cokulan gaba sun cancanci kuɗinsu, don mafi yawan kakkaɓin daga gaba yake shigowa. Na baya sun fi tsada da nauyi, kuma in suka samu matsala mai gyaran keke zai kalle su ne kawai. Kushin mai kyau da tayar iska da aka daidaita suna yin rabin aikin.

Inji: na baya ko na gaba

Duk abin da na ambata zuwa yanzu gargada yake magani, ba tudu ba. In garin mai hawa ne, ko za ka yi kilomitoci a yini na kwanaki a jere, kafaɗa ba ƙarfe ba ce, kuma ciwon kafaɗa ga mai keke ya fi ƙarfin a ce ɓacin tafiya, domin da ita yake hawa gado ya sauka. A nan inji ke shigowa, kuma iri biyun da aka fi sani sun bambanta ƙwarai.

Na baya, kamar SmartDrive na kamfanin Permobil, 'yar na'ura ce mai nauyin kusan kilo 6 da ake ratayawa a sandar da ke tsakanin manyan tayoyi, tana tura ka daga ƙarƙashi. Ba ta ƙara tsawo sosai, da ita za ka shiga gidan tarihi da gidan abinci, kuma ɗaukarta ba wuya. Amma ka lura da abu biyu. Ba ta da birki: tana kai ka saman tudu, saukowa kuwa tafin hannunka ne. Sannan ba ta taɓa matsalar ƙananan tayoyin gaba ba ko kaɗan, asali ma tura su take yi da ƙarfi cikin tsagar da za su toge. A tsakuwa da rairayi ma 'yar tayarta takan yi ta juyi a wuri ɗaya. Idan aka haɗa ta da ƙarin ƙafar gaba, to nan ne take nuna kanta, ɗaya na turi ɗaya na share hanya.

Na gaba, irin su Batec na Sifaniya, Triride na Italiya ko Firefly na Amurka, kamar rabin babur ne: taya babba, kan tuƙi, birki, batir. Yana maƙale a gaban keke, ya ɗage ƙananan tayoyi, ya ja ka. Ya magance gargada da nisa da gangara a lokaci guda, kuma birkinsa babban abu ne, wanda duk ya taɓa sauka doguwar gangara da zoben turi mai roba yana ƙona masa hannu ya san haka. A titi babu kamarsa. Matsalarsa tana farawa ne inda titi ya ƙare. Nauyinsa daga wajen kilo goma zuwa sama, wasu sun doshi ashirin. Sai an ɗora shi a tasi, an hau da shi jirgin ƙasa, an nema masa wurin ajiya duk inda za ka shiga. Kuma yana da wani rauni da masu talla ba sa so a faɗa: tunda nauyinka a baya yake shi kuma ta gaba yake ja, a tudu mai tsayi mai tsakuwa ko jiƙa tayarsa takan zame ta yi ta karta ƙasa. Ga dokar gudu kuma, wadda ta bambanta ƙasa zuwa ƙasa. A Birtaniya, misali, kekunan naƙasassu masu inji ba sa wuce mil 4 a awa a kan hanyar masu tafiya a ƙasa.

Duk wanda ka zaɓa, batir ne zai haɗa ka da kamfanin jirgi. Ƙa'idar da ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ke bi ita ce: batirin litiyam da aka cire daga na'urar naƙasassu kada ya wuce Wh 300 (Wh shi ne ma'aunin wutar da batir ke ɗauka), a shiga da shi cikin jirgi ba a ɗakin kaya ba, a rufe bakunansa. An yarda da ƙarin guda ɗaya da bai wuce 300 ba, ko biyu da kowanne bai wuce 160 ba. In ba a rubuta a jikin batirin ba, ninka lambar V da ta Ah: 36 sau 8 ya ba da 288, bai kai 300 ba, zai shiga. 48 sau 10 ya ba da 480, zai kwana a filin jirgi. Duba wannan kafin ka saya, ba bayan ka sayi tikiti ba. Kuma ka nemi amincewar kamfanin a rubuce ka buga a takarda, domin ma'aikacin da za ka tarar a kanta wataƙila bai taɓa ganin irin na'urarka ba, ya ce babur ne. A Tarayyar Turai, doka mai lamba 1107 ta shekarar 2006 ta ba naƙasasshe damar tafiya da kayan zirga-zirga har guda biyu kyauta, bisa sharaɗin sanarwa awa 48 kafin tashi.

Ko a tafi da keken daji gaba ɗaya?

Akwai kekunan da don mummunar hanya aka ƙera su tun asali. GRIT Freedom Chair, wanda ya samo asali daga aikin jami'ar MIT ta Amurka, da sanduna biyu ake tuƙa shi: ka kama can sama ka samu ƙarfin hawa, ka kama ƙasa ka samu gudu, kuma yawancin kayansa na keken hawa ne. Mountain Trike na Ingila ma da sanduna yake tafiya, da birki irin na keken dutse. A hanyar daji sun fi duk wani gyare-gyaren da za ka yi wa kekenka. Amma ba ka shiga banɗaki da su, ba ka zama a teburin cin abinci da su, don haka keke biyu za ka ɗauka. Sai in tafiyar dama ta yawon daji ce kuma da mota a hannu.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne RoughRider na Whirlwind, ƙungiyar da injiniya Ralf Hotchkiss ya jagoranta daga San Francisco. Keke ne na yau da kullum mai naɗewa, amma an tsawaita tazarar tayoyin gaba da na baya, an ba shi tayoyin gaba masu faɗi, kuma da baƙin ƙarfe aka yi shi don a iya gyara shi kusan ko'ina. Wannan batu na ƙarshe abin tunani ne. Keken alminiyam sai ƙwararren mai walda, na titaniyam ya fi haka wuya, na kabon kuwa in ya tsage sai haƙuri. Baƙin ƙarfe yana da nauyi, amma duk mai walda ya san shi. Sai dai kada a manta cewa kekenka an auna shi ne da jikinka. Komawa wani keke na makonni biyu na iya jawo gyambon zama, kuma gyambo ɗaya ya fi kowace gargada tsada.

Rairayin bakin teku kuwa kada ka wahalar da kanka. Tayoyin balan-balan ne kaɗai ke iya masa, su kuma ba mai tura kansa da su. A wuraren shaƙatawa da yawa ana ba da aron irin wannan keke ko hayarsa, tambaya ce kawai kafin ka je.

Abin da ba a saya

Kafin duk wannan, akwai gyaran da sifana kaɗai yake ci. Matsar da manyan tayoyi gaba kaɗan yana ɗauke nauyi daga ƙananan, turi ya yi sauƙi, ɗaga gaba ma haka. Amma keken zai fi saurin kifewa ta baya, musamman in ka rataya jaka a bayansa kana hawan tudu, don haka a yi shi kaɗan-kaɗan tare da likitan gashin ƙashi ko masanin keke, jakar kuma ta koma ƙarƙashin kujera. 'Yan ƙafafun hana kifewa na baya su ma takobi ne mai kaifi biyu: suna tsare ka a tudu, amma a bakin titi mai tsayi suna iya tokare ƙasa su bar manyan tayoyinka a sama suna juyi. Masu juyawa sama sun fi, ka sauke su inda ake buƙata. Sannan iya ɗaga gaba a tsaya kan tayoyi biyu ya fi kowace na'ura da na lissafa amfani, kuma a gida ake koyonsa, da mutum tsaye a bayanka. Inda ya gagara, a juya a bi da baya, manyan tayoyi su yi jagora.

To a taƙaice wa zai ɗauki me? Mai ƙarfin hannu da zai zaga tsofaffin birane: tayar iska mai kariya, tayoyin gaba inci 5 masu faɗi, ƙarin ƙafar gaba, safar hannu. Wanda kafaɗarsa ta fara ƙara ko garin mai tuddai ne, kuma yana yawan shiga da fita gine-gine da motocin haya: ya ƙara injin baya a kan wancan. Wanda zai sauka wuri ɗaya ya riƙa yin nisa daga nan, kuma yana da abokin tafiya mai ɗaga kaya: injin gaba. Wanda zai shiga ƙauyuka nesa da manyan birane: ya bar batir a gida, ya nemi rim 559 da kayan da mai gyaran keke ya sani.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk abin da ka canza, ka yi aƙalla mako biyu kana yawo da shi a mafi munin hanyar da ke kusa da kai, sannan ka bi notuna ka ƙara ɗaurewa, domin girgiza kwance su take yi. Ka gwada gyaran faci da hannunka sau ɗaya. Jakar kayan aiki ba sai ta yi girma ba: makullan alan daidai da kekenka, don wasu na inci ne wasu na milimita, tif biyu, kayan faci, famfo mai kai iskar da tayarka ke so kuma mai dacewa da bawul ɗinta, boris na tayar gaba, sandar taya guda ta ajiya, da igiyoyin roba na ɗauri. Ƙarafan su tafi cikin babbar jaka, kada masu bincike su karɓe.

A bakin jirgi, cire duk abin da ke ciruwa ka shiga da shi: kushin, makaran gefe, ƙarin ƙafar gaba, injin baya. In kushin na iska ne irin Roho, ka tuna yana kumbura idan jirgi ya yi sama, ka ɗan sassauta, ka mayar bayan sauka. A Amurka doka ta tilasta wa jirage masu kujeru 100 zuwa sama su tanadi wurin keke guda mai naɗewa a cikin jirgi, ga wanda ya riga nema. Ɗauki hoton keken ta kowane gefe kafin ka miƙa shi. A tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa, Yarjejeniyar Montreal ta 1999 tana lissafa keke cikin kaya, kuma iyakar diyya tun ƙarshen 2024 ita ce SDR 1,519 (ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya), wajen dala 2,000, abin da sau da yawa bai kai kuɗin keke mai kyau ba balle da inji. Mafita ita ce inshora ta daban, ko bayyana darajar keken a rubuce lokacin miƙa kaya. Idan aka dawo maka da shi, duba shi nan take: juya tayoyi, gwada birki, kalli cokulan gaba ko sun lanƙwashe. In akwai ɓarna, a cike takardar rahoto kafin ka bar filin jirgin, ka karɓi kwafinka, ka kuma aika ƙorafi a rubuce cikin kwana 7.